Admin a ɓoye sunana: giya ta kama ni, an tura ni zaman AA amma na kasa shiga

Admin: Slm jama'a. Wani ɗan'uwa ne ya turo min wannan a keɓe ya ce in saka masa. Dan Allah wanda ba shi da abin faɗa mai amfani ya wuce kawai, duk wanda ya yi zagi zan goge. Amsoshinsa ma ni zan riƙa ɗorawa.

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 34, ina zaune a Manchester shekara uku kenan, aikin kula da tsofaffi nake yi kuma yawanci na dare ne, matata da yara biyu suna gida Najeriya. Wlh har na bar gida ban taɓa riƙe kwalbar giya da hannuna ba. Abin ya faro ne daga rashin bacci, in na taso aiki takwas na safe sai in kwanta ido biyu har azahar, ɗaki shiru ba mai ce maka sannu, sai wani abokin aiki ya ce in ɗan kurɓa kaɗan bacci zai zo. To bacci ya zo, amma yanzu kullum sai na shanye wajen rabin kwalbar vodka, ranar da ban sha ba kuwa hannuna rawa yake yi ga zufa ga faɗuwar gaba kaman an ce min wani ya mutu. Na dafa Ƙur'ani na rantse ban san sau nawa ba. Kuɗin da nake turawa gida ya ragu, ina ce wa matata haya ce ta tashi. Daga ƙarshe na gaya wa likitata, ta rubuta min wurin da ake zaman AA kusa da ni, wato Alcoholics Anonymous, taron masu son daina shan giya. Ranar Talata na je, ashe a ɗakin bayan wata coci ne, na tsaya a tsallaken titi kusan minti 40 ina kallon masu shiga, na juya na koma gida na sha. Dan Allah wanda ya san abin nan ya gaya min me ake yi a ciki, kuma ya halatta musulmi ya shiga, sannan ba tona wa kai asiri ba ne mutum ya tashi gaban jama'a ya ce shi mashayi ne bayan Allah Ya rufa masa?

Ɗan Fagge: Malam ka ji tsoron Allah. Ka sha giya sannan kuma ka tafi coci neman magani? Maganinka istigfari ne da sallar dare da barin abokan banza. In ƙasar ta fi ƙarfinka ka tattara ka dawo gida, ba dole sai a Turai arziki yake ba.

Maman Twins: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yaye maka ɗan'uwa, wlh na tausaya maka na tausaya wa matar nan da ba ta san komai ba.

Sista Nas: Ƙanina kafin a shiga maganar coci da halal da haram, ka saurare ni da kyau don wannan maganar rai ce. Ka ce in ba ka sha ba hannunka na rawa kana zufa. To KADA ka yanke giyar nan lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikinka ya riga ya saba, in ka tsaya kwatsam alamomin kan fara ne cikin awa 6 zuwa 24, cikin kwana biyun farko mutum na iya faɗuwa yana jijjiga irin ta farfaɗiya, kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan rikice su riƙa ganin abin da babu, zazzaɓi ya hau, zuciya ta yi ta bugawa, kuma wannan yana kisa in ba a asibiti ba. Mu a wurin aiki mun sha ganin an kawo mutum dangi na cewa aljanu ne suka buge shi, ashe giya ya bari kwana uku. Ka koma wa likitar nan ka gaya mata adadin da kake sha tsakani da Allah ba ragi, ta haɗa ka da sashen masu kula da shaye-shaye na yankinku, a Ingila kyauta ne kuma kai da kanka ma kana iya kiransu. Su za su tsara maka yadda za ka sauka, ko a rage a hankali ko a ba ka magani irin su chlordiazepoxide na 'yan kwanaki tare da bitamin B1. Zaman AA ba asibiti ba ne, ba sa ba da magani. Biyun ake haɗawa.

Ɗan Fagge: Wato ki ce masa ya ci gaba da sha kenan?

Sista Nas: Na ce ya je asibiti gobe-gobe a raba shi da ita ta hanyar da ba za ta kashe shi ba. Gawa ba ta tuba Malam.

Baba Bronx: Ɗana, ni dai bari in yi maka magana a matsayin wanda ya tsaya a tsallaken titin nan da ka tsaya. Ni mutumin Kumasi ne, tasi na ja a New York fiye da shekara ashirin, na sha giya shekara sha huɗu, aurena na farko a kanta ya mutu. Yau shekarata bakwai da wata huɗu ban kurɓa ba, Alhamdulillah, kuma bayan ikon Allah ɗakin nan da kake tsoro shi ne sanadi. Ni sau uku na je na juya kafin in shiga, don haka kar ka ga kaman kai ne ragon duniya.

Abin da ke ciki ba wani abin mamaki ba ne. Kujeru ne an jera, ga shayi da kofi a gefe, wani a bakin ƙofa zai ce maka sannu da zuwa. Ba rajista, ba a tambayar takardunka ko sunan mahaifinka ko inda kake aiki, sunan farko kawai, in ka ga dama ma ka faɗi wani sunan. Ba a biyan ko sisi, ana dai zagayawa da ɗan kwando kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa don haya da shayi, sabon zuwa ma cewa ake ya bari. Awa ɗaya ne, wani wurin awa ɗaya da rabi. A karanta ɗan wani abu, sai wani ya ba da labarinsa, yadda yake a da da abin da ya faru da yadda yake yanzu, sannan a buɗe wa sauran. Wanda ke magana ba a katse shi, ba mai ce masa ai da ka yi kaza. Kuma ba dole ka yi magana ba, ni wata biyu na yi ina zuwa bakina a rufe, in an zo kaina sai in ce yau saurare na zo yi, shikenan a wuce.

Ranar farko wata tsohuwa Baturiya ce ta yi magana, ta ce tana ɓoye kwalba a cikin injin wanki. Ni kuma tawa a ƙarƙashin tayar safaya nake ɓoyewa a but. Wlh sai na ji hawaye, don shekara sha huɗu ina zaton ni kaɗai ne maƙaryaci irin wannan a bayan ƙasa, sai ga wata da ba addininmu ɗaya ba ba launinmu ɗaya ba tana karanto min abin da ke cikina.

Maganar coci kuwa, haya suke yi. Ɗakunan coci sun fi arha shi ya sa, ba fasto ke jan zaman ba, kuma akwai waɗanda ake yi a ɗakin taron unguwa ko asibiti ko laburare. In cocin ce ta tsaya maka a rai ka duba jerin zaman garinku a shafinsu na intanet, gari kaman Manchester ba za ka rasa wani wurin ba, har da na rana wanda zai dace da mai aikin dare.

Ummu Abdallah: Baba Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tabbatar da kai. Na karanta har na yi kuka.

Abu Sumayya: Baba Allah Ya saka da alheri amma ina da ja. Ni na karanta tarihin abin nan. A 1935 aka kafa shi a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, kuma dukkansu daga wata ƙungiyar Kirista suka fito da ake kira Oxford Group. Matakai 12 da suke bi don barin giya cike suke da maganar miƙa wuya ga wani iko da ya fi ka, wai Ubangiji yadda kai ka fahimce Shi. Ya za a ce yadda ka fahimce Shi? Sannan mataki na biyar cewa ya yi ka zauna ka faɗa wa wani ɗan Adam laifukanka, wannan ai irin na masu zuwa gaban fada a coci ne. Mu tsakaninmu da Allah ba ɗan aike.

Baba Bronx: Tarihin da ka kawo haka yake ɗana, ba na musu. Ni da na ji an ce yadda ka fahimce Shi sai na ce to ni Allah ɗaya na sani, wanda bai haifa ba ba a haife Shi ba, kuma shekara bakwai ba wanda ya taɓa ce min in canza. Abu ɗaya ne nake kiyayewa, a nan Amurka wasu wuraren suna rufewa da addu'ar Kirista mai cewa Ubanmu, to ni in an zo nan shiru nake yi ina salati a zuciyata, ba kuma wanda ya taɓa harara ta. Wurare da yawa kuma da wata 'yar gajeriyar addu'a ake rufewa ta neman natsuwa a kan abin da ba za ka iya canzawa ba da ƙarfin halin canza wanda za ka iya. Mataki na biyar kuma ba gafara kake nema a wurin mutumin ba, ba shi da ita balle ya ba ka. Ni limaminmu na zaɓa na zauna da shi.

Malam Na Zariya: Bismillah. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki a kan tambayar rufin asiri don ita ce na ga ta fi damun yaron nan. Hadisin da yake nufi ingantacce ne, cewa ana yafe wa al'umma ban da masu bayyanawa, mutum ya yi saɓo da dare Allah Ya rufa masa sai ya wayi gari yana cewa wane jiya na yi kaza. Amma malamai sun bambance tsakanin mai faɗa don alfahari ko rashin kunya da mai faɗa don neman fatawa ko magani. Sahabbai sun zo wurin Annabi (SAW) sun ce na halaka, sun faɗi abin da suka yi don a nuna musu mafita. Marar lafiya yana buɗe wa likita abin da ba ya buɗe wa kowa. To wanda ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya faɗa wa masu irin ciwonsa don su taimaka masa ya bari, ni ban ga ya shiga cikin masu bayyanawa ba. Abin da zan ce ya kiyaye shi ne kar ya riƙa ba da labarin sha yana ƙawata shi, kar kuma ya ambaci sunan wani.

Kai kuma Ɗan Fagge ka tuna da sahabin nan da aka sha kawowa saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya ce kar ku la'ance shi, yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya ce kar ku taimaki shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Sannan ita kanta giyar ba rana ɗaya aka haramta ta ba, ayar Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta, ta Nisa'i ta ce kar a kusanci salla cikin maye, sai ta Ma'ida ta yanke. Nana A'isha ta ce da abin da aka fara saukarwa shi ne kar ku sha giya da sun ce ba za mu bari ba har abada. Wannan ba ya nufin yau giya ta halatta ga kowa ko na kwana ɗaya, haramun ce, amma yana nuna mana Wanda Ya halicci ɗan Adam Ya san yadda sabo yake riƙe shi.

Abu Sumayya kuma damuwarka tana kan hanya, wanda aƙidarsa ba ta zauna ba ya kamata ya je da lura, ya kuma riƙe malami a gefe. Ni ba zan ce masa kar ya je ba alhali ban tanadar masa wani wurin ba.

Ɗan Fagge: Allah Ya gafarta Malam na ji, na kuma janye zafin da na yi. Amma har yanzu ni dai raina bai kwanta da cocin nan ba. Masallatanmu me suke yi?

Hajiya Babba: Yauwa, tambayar da ya kamata a yi kenan. Masallatanmu me suke yi? Ɗan yayata shekara shida yana fama, duk unguwa an sani, a masallaci in ya shiga sahu sai na kusa da shi ya matsa. Aka kai shi gidan mari aka ɗaure shi wata takwas, ya fito da tabo a ƙafa, sati biyu ya koma. Kun dai tuna abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 wasu da sarƙa. Mu abin da muka iya kenan, ko mu ɓoye ko mu ɗaure. Ya rasu bara, hanta ce. Da akwai ɗaki guda a garin nan da zai shiga a ce masa sannu da zuwa wlh ko a ina yake da na kai shi da kaina.

Maman Twins: Allah Ya jiƙansa Hajiya, Ya ba ku haƙuri.

Abu Sumayya: Allah Ya gafarta masa. Hajiya maganarki ta taɓa ni.

Baba Bronx: Allah Ya jiƙan yaro. Abu Sumayya tunda kai mai bincike ne ka duba Millati Islami. Musulmi baƙaƙen fata ne suka kafa ta a Baltimore a 1989, sun ɗauki matakan nan 12 suka gyara su bisa Ƙur'ani da sunna, kuma suna zama ta intanet. Ni ina haɗawa, nasu ta waya, na unguwa kuma da ƙafata, don wanda zai zo ya ƙwanƙwasa min ƙofa in an kwana biyu ba a gan ni ba sai na kusa.

Dokta Abuja: Bari in ƙara kaɗan ta ɓangarenmu. An daɗe ana gardama ko AA tana aiki ko surutu ne kawai. A 2020 cibiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta fitar da nazari da ya tattara bincike 27 a kan mutum fiye da 10,000, aka ga tsarin da ke haɗa mutum da AA yadda ya kamata ya fi sauran hanyoyin ba da shawara wajen barin giya gaba ɗaya, kusan kashi 42 cikin 100 ba su sha ba har shekara guda, a ɗaya ɓangaren kashi 35. Ku lura da lambar nan da kyau, tana nufin ko a hanyar da ta fi, fiye da rabi sun sake kurɓa cikin shekarar. Shi ya sa nake gaya wa iyalai zamewa ba ƙarshen magana ba ce, a tashi a koma. Kuma ba AA kaɗai ba ce, akwai SMART Recovery da aka fara a 1994, su ba ruwansu da maganar addini ko kaɗan, dabarun sarrafa sha'awa da tunani suke koyarwa, ba sai ka kira kanka mashayi ba, kuma suna nan a Ingila. Akwai magunguna kuma irin naltrexone da acamprosate da ke rage kwaɗayin, likita ne zai duba hanta da ƙoda ya ga wanda ya dace. Abin da na fi so ka gaya wa likitarka ɗan'uwa shi ne maganar baccin nan da kaɗaici, don ta nan ɓarakar ta fara, in ba a toshe ta ba za ka bar kwalba ka kama wani abin.

Ɗan Jos: Ni Kirista ne amma ku ba ni dama. Mu a nan ba a ɓoye sha kaman wajenku, burkutu da goskolo a fili ake sha, amma kunyar cewa ta fi ƙarfina iri ɗaya ce. Babana ya mutu bai taɓa furtawa ba. Ni wata 19 kenan, ta Zoom na fara lokacin da ban san kowa ba, kyamara a kashe, ina kwance a ɗaki da abin ji a kunne. Tun lokacin korona zaman intanet ya yi yawa, kusan kowace awa akwai wanda ake yi a wani wuri a duniya, ko ƙarfe uku na dare abin ya taso maka za ka samu. Ɗan'uwa in ƙafarka ta kasa shiga ɗakin ka fara da wannan yau ɗin nan, ka ji yadda ake yi. Amma gsky na ido da ido daban ne, a Zoom in an gama kashewa kake yi ka koma kai kaɗai.

Mai tambaya: Na karanta duka, wasu sau biyu. Nagode Allah Ya biya ku. Sista na kira an ba ni ranar Alhamis. Baba ina da tambaya, in na shiga na tarar da wanda ya san ni fa? Akwai 'yan Najeriya da yawa a nan, magana ɗaya ta isa gida cikin awa guda, surukaina in suka ji shikenan. Sannan in na je ranar da na riga na sha za su kore ni?

Baba Bronx: In ka tarar da wanda ya san ka a ciki, to me ya kawo shi? Abin da ya kawo ka. Shi ma tsoronka yake ji. Akwai zama iri biyu, buɗaɗɗe wanda kowa na iya zuwa har dangi da ɗalibai, da rufaffe na masu matsalar kaɗai, a jerin ana rubutawa, ka zaɓi rufaffe, ka kuma tafi wata unguwa nesa da taku in hakan zai kwantar maka da hankali. Ba zan yi maka ƙarya ba, alkawari ne tsakanin mutane ba doka ba, ɗan Adam kuma ɗan Adam ne, don haka abin da ka san in ya fita zai rusa ka kar ka faɗe shi a taro, ka ajiye wa mutum ɗaya da ka yarda da shi. Amma ka auna da wannan, asirin da kake tsoron ɗakin zai tona, kwalbar ce za ta riga shi tonawa, ranar da ka je aiki da wari ko ka faɗi a hanya. Kai da kake riƙe da tsofaffin mutane a hannunka ma.

Korar kuma babu. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, kana son ka daina. In ka sha ka zo ka zauna ka saurara, sai dai a ce ka bar magana sai an tashi. Ka je minti goma kafin lokaci ka ce wa na bakin ƙofa yau ne farkona, za su ba ka lambobin waya, ka karɓa, amfaninsu shi ne ka kira KAFIN ka sha ba bayan ka sha ba. Daga baya za ka zaɓi wanda ya daɗe ya zama kaman yayanka a tafiyar, sponsa ake ce masa, namiji ya ɗauki namiji. Kuma kar ka yanke hukunci da zama ɗaya, ka gwada wurare biyar ko shida, wani ɗakin ba zai yi maka ba, ni akwai wanda na je sau ɗaya ban koma ba don wani mutum ya cika wa'azi. Kar ka ce har abada, rantsuwar har abada ce ta yi ta karya ka. Yau kawai, daga asuba zuwa asuba.

'Yar Kano: Dan Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa. Mijina ne, shekara tara da aure. Mu a nan ina za mu samu irin wannan? Ga Hisba ga 'yan unguwa, wa zai yarda ya shiga ɗakin da aka san na mashaya ne. Na zubar da kwalabe, na ɓoye makullin mota, na yi yaji sau uku, na yi masa ƙarya a wurin aikinsa cewa ba shi da lafiya. Na gaji wlh, ko uwata ban gaya wa ba.

Sista Nas: 'Yar'uwa sannu, Allah Ya dafa miki. Ta ɓangaren asibiti akwai Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, in kuma yana tsoron idon sani akwai na tarayya a Barnawa Kaduna, akwai Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka, ki cire masa wannan a rai. NDLEA ma suna da masu ba da shawara da layin kira kyauta. Ke kuma akwai zaman da aka yi don irinki, Al-Anon, matar shi Bill Wilson ɗin tana cikin waɗanda suka kafa a 1951, na iyalan masu sha ne kuma ana yi ta intanet, sai dai yawanci da Turanci ne. Abu ɗaya da zan roƙe ki, ki daina yi masa ƙarya a wurin aiki, kuma ki samu babba ɗaya a danginki ko nasa mai riƙe sirri ki gaya masa. In yana dukanki kuma wannan maganar daban ce, ki fara tsira da kanki da yara.

'Yar Kano: Ba ya duka, kuka yake yi da safe yana ba ni haƙuri. Turancina ba nisa amma zan gwada.

Abu Sumayya: Wannan fa shi ne gibin. Wanda ba ya jin Turanci ina zai je? Baba ya ake fara irin zaman nan, sai an nemi izini daga Amurka?

Baba Bronx: A ƙa'idarsu mutum biyu ko uku masu matsalar in suka haɗu don su daina sun zama rukuni. Ai da mutum biyu abin ya fara. Amma shawarata kar wanda bai taɓa sha ba ya ja zaman, wa'azi zai koma, kuma wa'azi ba shi muka rasa ba. Ku masu masallaci ku ba da ɗaki da shayi ku ja ƙofa ku tafi. In ta waya ne da Hausa ni a shirye nake, sai dai a duba bambancin lokaci.

Ɗan Jos: Ni ma ku sa ni.

Ɗan Fagge: Ni ban iya komai a nan ba amma data ɗin wata na farko ina iya saya wa mutum biyar.

Admin: Bayan kwana 12, ɗan'uwanmu ya sake turo saƙo.

Mai tambaya: Slm. Na je asibitin, sun ce kar in tsaya da kaina, sun sa ni ina rubuta abin da nake sha kullum ina ragewa kaɗan-kaɗan, an ɗebi jini, wata mai zuwa za a yi min na maganin a gida nas tana zuwa dubawa, na nemi hutun sati ɗaya a wurin aiki. Zaman kuma na shiga na Zoom sau huɗu. Jiya na je na ido da ido, wani na samu a ɗakin taron unguwa bas biyu daga gidana, ƙarfe ɗaya na rana. Mu 14 ne. Ƙafata na rawa na shiga, wani dattijo ya miƙo min shayi hannuna ya kasa riƙewa ya zube a ƙasa, bai ce komai ba ya goge ya haɗo wani ya cika shi rabi. Ban yi magana ba. Da aka tashi mutum uku sun ba ni lamba, ɗaya ɗan Pakistan ne ya ce in ina so Juma'a mu je masallaci tare. Har yanzu ina sha, ba zan ɓoye muku ba, jiya ma da dare na sha abin da aka ƙayyade min har na ɗan wuce. Matata ban gaya mata ba tukuna, na ɗauki waya sau biyu na ajiye. Baba ita wannan ya ake yi, yanzu zan faɗa mata ko sai na tsaya da ƙafata?

Baba Bronx: Alhamdulillah ɗana, ka shiga. Wucewar da ka yi jiya ka rubuta ta a takardar yadda take ka nuna wa nas ɗin. Maganar iyali kar ka yi ta cikin dare kuma kar ka yi ta ka sha, ka fara zama da ɗaya daga cikin masu lambar nan ka ji yadda su suka yi da nasu. Admin ka ba shi lambata. Yaushe ne zama na gaba?

Mai tambaya: Alhamis, ƙarfe ɗaya. Ina tashi aiki takwas, zan yi ƙoƙari in ɗan kwanta kafin nan.

Sista Nas: Ka ci abinci kafin ka fita, ko shayi da burodi ne, kuma kar ka manta da bitamin ɗin.